Gayyar da Anka Yi wa Gonar Baba Abdulmumin

Jawabin Harisu Issa, mai gyaran injin ban ruwa, a madadin matasan Ƙungiyar Masu Lambu ta unguwarmu, ranar addu'ar arba'in ta marigayi Malam Abdulmumin mai gilashi, a ƙofar gidansa a Madawa. Na rubuta shi kafin taro. Abin da ya ƙaru a wurin na sa shi yadda ya faru, don masu karantawa a waya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin magajin gari, ranka shi daɗe. Mai unguwa, Allah shi ja zamaninka. Liman da sauran malamanmu, Allah shi gafarta maku. Shugaban ƙungiyarmu Alhaji Halidu, da 'yan komite da ke zaune kusa da shi. Baƙinmu da sunka taso daga Buza da Keita, da Urno da Sabon Gida, sannunku da hanya. Inna Lalla, ƙanwar marigayi, da kika sake taho mana tun daga Allakaye. Fa'iza, ɗiyarsa. Sai ke Inna Habsa, matarsa, da kike cikin ɗaki kina takaba. Na san kina jina, don ni na roƙi a juya lasifika ɗaya wajen tagarki. Iyaye maza da iyaye mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Komite sun zaɓe ni in yi magana don sun ce Harisu ba shi faɗa da kowa. Gaskiya ne. Mutum shi kawo mini injin da ya zuba wa gurɓataccen mai sau uku, in gyara sau uku, ban ɗaga murya ba. Sun ce in yabi Baba, kada in tsawaita, daga ƙarshe in sanar da jama'a cewa za a ɗauki akwatin gilashinsa a kai biro, wato ofishin ƙungiya, don tunawa da shi. Ga kamyo, motar ɗaukar kaya, can bakin titi, kuna ganinsa, da igiya da tsohuwar katifa a baya, shina jiran a shafa fatiha.

Yabon zan yi shi, don ya cancanta. Sanarwar ba zan yi ta ba. Ku yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe, za ku ji dalili.

Ya kasance mai yankan gilashi, kuma hannunsa shaida ne. Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba ya ji tabon da ke yatsunsa. Akwatin da mai kilishi ke jera kayansa a tasha, shi ya yi. Na masu sayar da waya a bakin kasuwa, shi ya yi. Tagogin lekol ɗin unguwarmu, duk wadda yara sunka fasa da ƙwallo, kafin direkta shi gama neman mai laifi Baba ya riga ya zo da awonsa. Ni ban wuce aji uku a lekol ɗin nan ba, amma tagar da nake leƙen waje ta cikinta a maimakon kallon allo, aikinsa ce.

Ya kasance mutumin da ba shi da gona a garin da ake auna namiji da fangalin albasarsa. Gonar ubansa a ƙauye ruwan tudu ya yi ta cin bakinta damina bayan damina, har ta koma kwazazzabo. Ya zo Madawa da almakashi da ƙarfen yankan gilashi. Mu kuma, da munka tashi cikin lambu, mun karɓe shi cikin ƙungiya don shina gyara mana fitilu da tagogin biro, amma a zuciyarmu ba mu taɓa lissafa shi cikin manoma ba.

Alhali shina da gona. Don baƙin da ba su taɓa shiga zaurensa ba, bari in faɗi yadda take. Akwati ne na gilashi mai kauri, tsawonsa ya kai mutum in ya kwanta, zurfinsa daga yatsa zuwa hammata. Da hannunsa ya haɗa shi daga ƙofar wani kanti da anka rushe. Ƙasansa jar laka ce ta tudunmu, an rufe ta da yashi wankakke. Cikinsa ruwa ne garai, har kana mantawa akwai ruwa. Cikin ruwan kuma shuke-shuke ne masu rai, suna tsiro, suna reshe, suna kaɗawa, da 'yan kifaye ƙanana masu wutsiya kala-kala da wani direba ya kawo mashi daga Yamai, suna ratsawa tsakaninsu.

Shukokin nan ba saye ya yi ba. Da damina shikan hau tsohon babur ɗinsa da bido biyu na ɗibar ruwa a baya, shi bi tabkuna da kududdufai, daga fadamar Tarka har duwatsun Keita, shi naɗe wando shi shiga. Yawancinsu ba mu da sunansu, don a wurinmu duk abin da ke cikin ruwa in ba bado ko kainuwa ba, ciyawa ce. Sai ya raɗa masu da kansa. Akwai Wutsiyar Kurege, mai gashi-gashi, mai saurin tsawo. Akwai Kunnen Ɓera, mai ƙananan ganye zagaye, da ke shimfiɗa a ƙasa awa tabarma. Akwai guda ɗaya ja, ja sosai, wadda ya samo cikin wani ɗan tabki tsakanin duwatsu a hanyar Keita. Bayan 'yan shekaru yashi ya cike tabkin, ya koma bai sake ganin irinta ko'ina ba. Ita ya sa wa suna Lallen Habsa. Inna, ki gafarce ni na faɗi a gaban mutane, amma kowa ya ji shi shina kiranta haka.

Sanina da shi ta wurin aikina ne. Wata rana ya shigo shagona da wani ɗan inji da bai kai tafin hannu ba. Na juya shi, na ce, “Baba, wanga na ban ruwan gonar tururuwa ne?” Ya ce, “Kai dai gyara. Ku kuna ɗebo ruwa ku ba ƙasa, ni iska nake ɗebowa in ba ruwa.” Na gyara, na bi shi in ga inda za a sa. Na shiga zauren nan da niyyar in yi dariya in fito. Sai da anka kira la'asar na tuna na bar shago buɗe.

Ya kasance mai kallo kafin shi taɓa. Ranar askin gonarsa Juma'a ce da hantsi, kafin masallaci. Shikan wanke hannu har kafaɗa da ruwa zalla, ba sabulu, ba mai. Sa'an nan shi jawo kujera shi zauna, shi yi ta dubawa. Wace ce ta yi tsawo har ta kwanta bisa ruwa ta tare wa na ƙasa haske? Wane ganye ne ya yi rawaya, wane ne ya huje? Sai ya gama wanga kallo shike ɗaukar almakashinsa mai dogon hannu, wanda ni na ƙara wa tsawo da walda. Shina yanke kara sama da gaɓa kaɗan, don nan ne reshe biyu za su fito. Ruɓaɓɓen ganye shi cire shi daga tushe, kada shi narke cikin ruwa. Kuma bai taɓa aske duka rana ɗaya ba. In ya yi gefen dama wannan mako, gefen hagu sai mako mai zuwa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Su ke shanye ƙazantar kifi. In na aske su duka yau, wa zai yi sharar gobe? Kuma kifi ina za shi ɓuya?”

Kan da ya yanke ba shi yar da shi. Masu kyau shi dasa su a gurbin da ya yi sanƙo, shi tura gindinsu cikin yashi da tsinke. Sauran shi sa cikin kwalaben mayonez da ya wanke, da ɗan yashi da ruwa, shi miƙa wa duk wanda ke tsaye. “Ki ajiye kusa da taga, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa. In ruwa ya ragu ki ƙara wanda ya kwana.” Ku riƙe maganar kwalaben nan, zan komo kanta.

Ya kasance mai rowar taki. A wanga abu ɗaya kaɗai na san shi da rowa. Takinsa shi ke haɗawa: jar laka, da ɗan garin kashin awaki da ya shekara ya bushe ya mutu. Shi mulmula ƙanana awa ƙwayar wake, shi shanya su a inuwa. In ya ga wata shuka ta yi fari, ko sabon ganyenta ya fito ƙarami, sai shi tura ƙwaya ɗaya can ƙarƙashin saiwarta, shi rufe da yashi, kada ko ƙura ta tashi cikin ruwan. Sa'an nan shi jira makonni shi ga abin da za ta ce. Na taɓa ce mashi, “Baba, ga takin ure a shagon Alhaji Halidu, ƙwaya biyu ta fi wanga wahala.” Ya ajiye tsinken, ya dube ni. Ya ce, “Harisu, a lambu abin da albasa ba ta ci ba ƙasa ta shanye, ko ruwa shi tafi da shi. Nan ina za shi tafi? Bango huɗu ne. Duk abin da ka zuba, shina nan tare da kifi har shi kashe su.”

Wagga magana ba a ɓoye ya faɗe ta ba. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a biro, ya faɗa ga duk wanda ya tsaya. Mu ne ba mu tsaya ba. Mun sa mashi suna Mai Gonar Kwalba. In ya zo wucewa sai Bala, ma'ajin kayan ƙungiya, shi ɗaga murya: “Malam, yaushe girbi? A ajiye mini buhu biyu na ciyawar, tumakina na jira!” A yi dariya. Baba shi yi murmushi shi ce, “Bala, ka zo ran Juma'a ka gani.” Wani shi ce, “Malam, kifin nan nawa za a haɗa su yi miya?” Shi ce, “Ka zo ran Juma'a.” Shekaru shina gayyatarmu. Juma'a nawa ta wuce? Cikin 'yan komiten da ke zaune nan, wa ya taɓa jan kujera ya ga yadda ake aski? Ku ɗaga hannu in gani. To.

Amma zauren bai taɓa zama ba kowa ba. Mata masu goyo sun san in yaro ya ƙi shiru, a kawo shi gaban gilashin Baba. Yaran da za a kai allura nan ake biyowa da su a lallashe su. Inna Dije, da idonta ya yi rauni, takan zo ta ce ita kore kawai take gani, kuma ya ishe ta. A watan da zafi ke ƙone komai, garin nan ba wani ɗanyen ganye sai a lambu da zauren nan, kuma zauren ba a hana kowa shiga. Kai ma Bala, shekarar da rumbun albasarka ya ruɓe gaba ɗaya, na gan ka. Ka shigo bayan azahar, ka zauna gaban gilashin har inuwa ta juya. Baba ya ba ka ruwa, ya ci gaba da aikinsa, bai tuna maka buhu biyu ba. Wanga shi ne mutumin da munka rasa.

Yanzu in zo ga abin da ya hana ni barci.

Muna da al'ada mai kyau, kuma ba zan bari kowa shi zage ta ba. In ɗan ƙungiya ya rasu shuka na ƙasa, mukan yi gayya mu shiga lambunsa, mu yi noma, mu zuba taki, mu ba da ruwa, kada iyalinsa su yi asara biyu. Mun yi wa da yawa, kuma ta cece su. Da anka yi sadakar bakwai ta Baba, ni na ɗauki Inna Lalla na mai da ta Allakaye, anka riƙe ni can kwanaki kan wani inji. A bayana komite ta zauna. Anka ce bawan Allah nan ba shi da lambu, amma ai shina da gonarsa, kunya ce a ce ba a yi mashi gayya ba. Niyya ce ta alheri, na yarda. Na ma ji an ce Alhaji ya yi hawaye da shina faɗi.

Sai kunka zo, ku wajen goma, da safe. Kunka duba kunka ce gona ta yi ciyawa. Kunka sa hannu kunka tumɓuke Kunnen Ɓera duka, tabarmar da ya yi shekaru shina shimfiɗawa, don a idonku duk abin da ya yi ƙasa-ƙasa ya cika wuri ciyawa ne. Kunka ga ja a tsakiyar kore, kunka ce wagga ta kamu da cuta, a cire ta kada ta shafi sauran. Kunka cire Lallen Habsa da saiwarta, kunka jefa wa awaki. Kunka ce wace irin shuka ce za ta yi ƙarfi a inuwa, kunka kwashe rabin ruwan, kunka ciccibi akwatin kunka fito da shi tsakar gida, inda rana ke kwana. Daga ƙarshe anka buɗe buhun ure, sabo, na Alhaji, kyauta, anka watsa cikin hannu biyu, yadda ake yi wa fangali.

Ba wanga ne ya fi ƙona mini rai ba. Kowa na kuskure a abin da bai sani ba. Ni ma in an ba ni fangalin albasa in raina, kashe shi zan yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne akwai wadda ta sani, kuma tana nan, taku kaɗan daga inda kuke tsaye. Duk tafiyar da Baba ya yi, wa kuke zato ke riƙe gonar? Wa ke mulmula ƙwayoyin laka tare da shi? Inna Habsa ta yi magana daga bayan labule. Fa'iza ta ji, maƙwabta sun ji. Ta ce, “Don Allah ku bar shi inda yake. Kifi kaɗai za a ba abinci, kuma Fa'iza na ba su.” Ta sake cewa, “Kada ku sa mashi takin buhu, Malam ya hana.” Mi anka amsa mata? “Habsa, ki ji da takabarki. Shuka aikinmu ne, tun ba a haife ki ba muke noma.”

Mace tana cikin ɗaki, addini ya zaunar da ita, ba ta iya fitowa ta riƙe hannunku. Muryarta kaɗai gare ta. Kunka bi ta kan muryar da takalmanku, kunka wanke hannu, kunka yi addu'a, kunka tafi kuna jin kun yi aikin lada.

Kafin azahar ta kashegari kifayen sun taso sama suna haki. Fa'iza ta yi ta kwashe su da ludayi tana zubawa cikin roba, ba ta tsira da ko ɗaya ba. Da na komo daga Allakaye na tarar da ruwan ya koma awa miyar kuka, ba ka ganin yatsanka a ciki, wari har ƙofar gida. Na sa hannu na laluba. Abin da ya rage na shuka ya narke, shina zamewa tsakanin yatsu. Inna Habsa ta ce da ni ta bayan labule, “Harisu, ka zo?” Na ce na zo, Inna. Ta ce, “Sun yi mashi gayya.” Ba ta ƙara komai ba. Na fi son da ta yi kuka.

To, an yi ɓarna. Mi ya kamata? Mutum shi zo bakin labulen nan shi durƙusa, shi ce Habsa, kin faɗa ba mu ji ba, yanzu mi za a yi? Wata guda ke nan, ba wanda ya zo. A maimakon haka komite ta sake zama. Anka wanke akwatin da omo har shina ƙyalli. Anka aika Konni anka sayo furannin roba, kore da ja da ruwan hoda, irin na ɗakin amarya. Anka buga allon ƙarfe da sunansa, an rubuta wai gwarzon kare muhalli. Za a kai biro, a cika da ruwan famfo, a dasa roba, duk baƙon da ya zo a nuna mashi a ce ga yadda muke girmama namu. Ba a tambayi matarsa ba. A karo na biyu ba a tambaye ta ba! An dai aiko a gaya mata ranar da kamyo zai zo.

Jama'a, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa hannunsa cikin ruwa don abu mai rai, da roba za a tuna da shi? Roba ba ta son aski, ba ta son taki, ba ta son kowa shi zo ran Juma'a. Shi ya sa kunka zaɓe ta. Kuma in akwatin ya bar gidan nan, mi ya rage wa baiwar Allah nan? Sauran watanni gare ta cikin ɗaki. Ba gona, ba shago, don shagon haya ne an riga an karɓe. Abu ɗaya ne mijinta ya bari da hannunta ya san aikinsa, kuma ta faɗa mini da bakinta: “A mai da mini shi zaure. Zan sake dasawa, in akwai abin dasawa.”

In akwai abin dasawa. Nan ne na tuna da kwalabe.

Makonni uku ke nan ina rufe shago da la'asar ina bin gidaje. Ina sallama in ce, ko Baba ya taɓa ba ku kwalba? Wasu sun zubar, wasu sun sa barkono a ciki. Amma wallahi ba duka ba. Na samu Wutsiyar Kurege gidan Inna Dije, ta cika kwalba har ta naɗe, ita da ba ta gani sosai, da lalube take ƙara mata ruwa. Na samu Kunnen Ɓera wurin matar mai kilishi. Na samu wata har Sabon Gida, wurin wata malamar lekol da ta raba tata gida uku. Duk mata ne da tsofaffi, waɗanda ba su taɓa zama a majalisa ba. Ga kwalaben can jere a zaure, duk wanda ya fita shi leƙa. Na sake wanke akwatin da ruwa zalla har warin omo ya fita. Jar laka na ɗebo, yashi Fa'iza ta wanke. Direban nan na Yamai ya ce in ruwa ya zauna zai kawo kifi.

Guda ɗaya na rasa, ita ce ja. Tabkinta ya mutu, ta cikin akwati awaki sun cinye. Baba bai cika ba da ita ba, don ba ta da saurin tsiro. Na tambayi Inna Habsa ko ya taɓa ba wani. Ta ce sau ɗaya ne, shekaru uku da sunka wuce. Akwai wata baiwar Allah da hawan jini ya kwantar, ta yi watanni ba ta ganin komai sai rufin ɗaki. Baba ya yanki kai biyu mafi kyau, ya sa a kwalba, ya ba Inna Habsa ta kai mata.

Alhaji Halidu, gidanka na je. Hajiya Ummukulsum, uwargidanka, ita ce baiwar Allah nan. Kwalbar tana bisa tagar ɗakinta, bayan labule. Lallen Habsa na ciki, ja wur, ta yi reshe har shida. Da reza Hajiya ke aske ta, sama da gaɓa, yadda anka gwada mata. Na ce, “Hajiya, Alhaji ya san da ita?” Ta yi dariya ta ce, “Kullum shina ganinta. Bai taɓa tambaya ba. Ina jin zatonsa jiƙon maganin ƙafa ne.”

Ranar da kunka jefa waccan ga awaki kuna cewa cuta ce, 'yar uwarta na ɗakinka, ita ce matarka ke buɗe ido ta kalla kowace safiya tun tana kwance har ta miƙe.

Alhaji, kai ubana ne. Kai ka ba ni inji na farko da na koyi kwancewa, kuma ba ka taɓa hana maraya taki ba. Ban tsaya nan don in kunyata ka ba, da na so haka da na yi tun ranar da na sa hannu cikin ruwan nan. Hajiya na cikin mata yanzu, kwalbar na ƙarƙashin mayafinta. Ta ce ta kawo, amma ba za ta miƙa ba sai da izininka, don ba ta son a ce ta bi bayanka. Kamyo kuma na jiran izininka. Ɗaya za ka ba. Ko igiya ta shiga gidan nan, ko kwalba. Ina roƙonka a gaban liman, a gaban mai unguwa, kuma a kunnen matar da kunka ƙi ji sau biyu. Zan jira. Kun san ni da jira.

(Nan na tsaya ina jira. Bala ya sunkuyar da kai. Alhaji ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Sa'an nan ya juya wajen mata ya ce, “Hajiya, kai wa Habsa abinta.” Ya ce da direban kamyo, “Tafi, a sauke katifar mutane.” Ya taso ya zo bakin taga, ya rage murya, amma lasifika na kusa, kowa ya ji: “Habsa, kin faɗa. Ba mu ji ba.” Daga ciki ta ce, “Allah shi yafe mana duka, Alhaji. Furannin ku kai wa wata amarya.” Ya juyo gare ni ya ce, “Kai kuma ɗan nema, ƙarasa, shinkafar mutane na hucewa.”)

Alhamdu lillahi. Kun ji da kunnenku, ku ne shaidu.

Ba zan ce raina ya yi sanyi ba, ƙarya ne. Kifayen ba za su dawo ba, tabarmar Kunnen Ɓera kuma sai an shekara biyu kafin ta rufe ƙasa. Amma akwatin zai koma inuwarsa yau, kuma hannu goman da sunka fito da shi su za su mayar, a hankali, yadda Inna ta ce, ba yadda kunka saba ba. Fa'iza, almakashin babanki na wurina, na wasa shi, ki karɓa ki kai wa mahaifiyarki. Inna Lalla, ki gaya wa mutanen Allakaye gonar ɗan'uwanki ba ta tashi ba. Inna Habsa, ke ce mai gona. Mu 'yan ɗebo ruwa ne, abin da kika ce shi za a yi.

Muna godiya ga duk wanda ya taso, na kusa da na nesa, da matan da sunka kwana kan tukwane, da waɗanda sunka riƙe kwalabensu ba wanda ya sa su.

Ya Allah, ga bawanka Abdulmumin ya zo gare ka da tabo a yatsunsa. Ka gafarta mashi, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi yadda ya sanyaya zaurensa ga duk mai shigowa. Ka saukar da shi cikin lambunan da ƙoramu ke gudana ƙarƙashinsu. Ka ba Habsa da Fa'iza da Lalla haƙuri da ƙarfin hannu. Mu kuma da munka rage, ka ba mu kunnen jin wanda ke magana daga bayan labule. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Dashe ran Juma'a ne da hantsi, kafin masallaci. A wanke hannu har kafaɗa, ba sabulu. Bala, kujera na nan. Ka zo ka gani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.